Turaren Itace da Yaji, da Irin Namijin da Ya Dace da Shi

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin shagon mai turare, a nan Kano, ko a Fagge ko a cikin kasuwar Sabon Gari, ya kuma yi haƙuri ya kasa kunne ga abin da ke gudana tsakanin mai shago da masu saye, lalle zai lura cewa roƙon da samarinmu suka fi yi bai wuce iri biyu ba: wani ya ce, "Alhaji, ba ni mai kama jiki," wani kuwa ya ce, "Ba ni wanda in na wuce za a san na wuce." Shi kuwa mai shago, da yake ya daɗe da sanin abin da ake nufi, sai ya miƙa hannu can saman kanta, ya sauko da wata kwalba mai duhun launi, ya ɗiga wa yaron a bayan hannu, ya ce, "Wannan na manya ne, ɗana, ko an wanke rigar yana nan." Abin da ke cikin kwalbar nan, galibi, turare ne da aka gina a kan ƙamshin itace aka ɗora masa yaji, watau ud ko sandal a ƙasa, kanumfari da kirfa da masoro a sama. A kansa nake so mu yi magana yau, mu dubi inda ya fito, da yadda yake aiki a jikin mutum, sa'an nan mu zo ga mas'alar da ta fi damuna, wadda ita ce ko wane irin namiji ne wannan ƙamshi ya dace da shi.

Kada wani ya zaci wannan sha'awa baƙuwa ce da jiragen Dubai suka sauke mana jiya. Tun Fagge tana zango a bayan ganuwa, daura da Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai, inda ayarin Abzinawa ke durƙusar da raƙuma su kwance gishiri da dabino, kayan ƙamshi ke biyo hamada suna shiga birni, fatake Larabawa na Turabulus da Gadamus suna kai su kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, zamanin Sarki Usman, kuma sa'ad da ya zauna lissafin hajar da ake shigowa da ita daga arewa, bai manta da lubban da jawul da kanumfari da man wardi ba, domin ya ga kuɗin da ake kashewa a kansu ba kaɗan ba ne. Mu ma kuwa muna da namu tun fil azal: kajiji da ake haƙowa a fadama, da ƙaron hano, da jibda wadda mutanen da suka riƙa kiwonta saboda turarenta.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka yanka Sabon Gari ba da daɗewa ba domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu, Kwarori kuma suka kafa kantunansu a gefen Fagge, sai hanyar teku ta karɓe abin da hamada ta saba ɗaukowa, turare ya fara zuwa cikin kwalabe masu hatimin kamfani. Mafi shahara a cikinsu, wanda da wuya a sami gidan da bai taɓa shiga ba, shi ne Bint el Sudan, wanda muke kira Bintu Sudan, da kamfanin W. J. Bush na Landan ya haɗa a 1920 bayan wani wakilinsa, Eric Burgess, ya karɓo samfurin mayuka a Hartum. An yi shi da mai, babu giya a cikinsa, abin da ya buɗe masa ƙofar gidajen Musulmi tun daga Bahar Maliya har Senegal, kuma shekaru da dama kamfanin Gongoni na ɗura shi a nan Kano cikin 'yar kwalbarsa. Daga baya hanyar Makka ta ƙara nata. A ƙarshen shekarun 1940 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da ake kira WAPA, wadda har yau unguwar 'yan canji ta Fagge ke amsa sunanta, kuma tun daga lokacin, musamman bayan jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya, ba a cika ganin alhajin da ya dawo ba tare da 'yan kwalaben ud da almiski a cikin tsarabarsa ba, a gefen zamzam da dabino da tasbaha.

To, mene ne shi wannan ud da ake ta faɗa? Itace ne na wata bishiya da ke fitowa a dazuzzukan Assam ta ƙasar Indiya, da Kambodiya da Biyetnam da Malesiya da Indunusiya, kuma abin mamaki game da ita, wanda ya isa mai hankali ya yi tasbihi, shi ne cewa muddin tana cikin ƙoshin lafiya itacenta fari ne, mara nauyi, ba shi da wani ƙamshi da za a ambata. Sai in ta ji rauni, wata irin cuta ta shige ta, sa'an nan take fitar da wani baƙin ƙaro domin kare kanta, ƙaron nan ya yi ta ratsa zuciyar itacen shekara da shekaru har ya yi duhu ya yi nauyi. Wannan ɓangare mai duhu shi ake sassaƙowa, ko a ɗora gutsurensa a kan garwashi, ko a jiƙa shi a dafa a tatsi mansa, wanda Larabawa ke kira duhunul ud. Da yake ƙalilan ne daga bishiyoyin daji ke kamuwa da wannan cuta, masu nema kuwa sun yi yawa, an sare dazuzzuka har ta kai a 1995 yarjejeniyar duniya ta kare namun daji da tsirrai ta sa ido a kan cinikin nau'in da aka fi nema, a 2004 kuma aka haɗa da dukan danginsa. Yau ana samun sa kuma daga gonaki, inda ake huda bishiyar da gangan a sa mata cutar, amma duk da haka na ƙwarai ɗinsa da zinariya ake gwada tsadarsa. Sandal ma haka: zuciyar itacensa da saiwarsa ke ɗauke da man, ba ya kuwa nuna sai bishiyar ta haura shekara 15, kuma darajarsa ta kai har Sarki Tipu Sultan na Maisur ya ayyana shi itacen sarauta a 1792.

Yajin kuwa duk mun san shi, domin yana nan a kicin ɗin iyayenmu mata: kanumfari na Zanzibar da Pemba, kirfa ta Sirilanka, gyaɗar ƙamshi, masoro, da citta, wadda manoman Kachiya da kewayenta a kudancin Kaduna ke nomawa har a fitar da ita ƙasashen waje.

Hikimar haɗa waɗannan biyu tana cikin bambancin nauyinsu. Turare ba ya tashi daga fata gaba ɗaya. Abin da ya fi sauƙi, kamar ƙamshin ɓawon lemo da kaifin masoro, shi ke fara bugun hanci, kuma kafin rubu'in sa'a ya yi nisa. Sa'an nan kanumfari da kirfa su fito su riƙe wurin na 'yan sa'o'i, suna ba da wani ɗumi. A ƙarshe, bayan duk waɗannan sun lafa, sai itacen ya rage shi kaɗai, domin mansa mai nauyi ne, ba ya saurin bin iska, yana iya wuni a fata ya kwana a tufa. Masana sun san wannan tun da daɗewa, don kuwa Alkindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, ya wallafa littafi sukutum a kan haɗa turare da tatsar mayuka, da bayanin haɗi fiye da 100. Turawa ma, waɗanda suka daɗe suna gina turaren mazansu a kan lemo da ganyaye, sun dawo kan wannan hanya: gidan Yves Saint Laurent ya fitar da M7 a 2002 da ud a tsakiyarsa, Hermès ya fitar da Terre d'Hermès a 2006 da masoro da itace da saiwar wata ciyawa 'yar'uwar jemar da ke fadamunmu, Tom Ford kuma ya biyo da Oud Wood a 2007. A shagunan Fagge da Sabon Gari za ka tarar da sunayen nan jere da na Ajmal, gidan da wani mutumin Assam, Haji Ajmal Ali, ya kafa a 1951, da na Al Haramain da Rasasi da Lattafa, Bahaushe da Inyamuri da Bayerabe kowa na sayen na Juma'arsa ko na Lahadinsa.

Mu dai Musulmi, sanya turare a wurinmu ya wuce ado, yana cikin sunna. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son ƙamshi, ba ya mayar da kyautar turare, ya kuma kwaɗaitar da wanka da shafa turare ranar Juma'a. An ruwaito kuma cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, yakan yi turaren wuta da itacen ud, yana danganta hakan ga aikin Annabi. Malamanmu da ke karanta Ashafa ta Alƙali Iyal cikin watan azumi sukan kawo labarin Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, cewa in masu neman hadisi suka zo ƙofarsa sai ya shiga ya yi wanka, ya sa tufafi masu kyau, ya shafa turare, ya naɗa rawani, a kuma yi ta ƙona ud har ya tashi daga majalisin, duk domin girmama maganar da zai karantar. Ina roƙon masu sauraro su riƙe wannan labari da kyau, domin a nan amsar tambayarmu take: Imamu Malik ya yi ƙamshi ne saboda girman abin da ya zauna yi, da haƙƙin mutanen da suka zauna a gabansa.

Saboda haka, in aka tambaye ni wane namiji ne turaren itace da yaji ya dace da shi, sai in ce mutumin da ake zama da shi a daɗe. Dalili kuwa a fili yake. Turaren lemo gaisuwar kan hanya ce, a yi musabaha a rabu, alhali kuwa turaren itace baƙo ne da ya zo da niyyar kwana, wanda ba a sanin halinsa sai an ci tuwon dare tare da shi. Mafi daɗin abin da ke cikin kwalbar ba ya bayyana sai bayan sa'a biyu ko uku, sa'ad da zafin jiki ya narkar da shi ya gauraya da fatar mai shi. Wanda duk sha'aninsa na gaggawa ne, yana nan yana can, ba ya zama wuri guda har a sha ruwa, ya biya kuɗin abin da ba wanda zai shaƙa daga gare shi. Amma malamin zaure da almajirai ke kewaye da shi tun daga asuba har hantsi, da ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai shimfiɗa wa baƙonsa na Agadas ko na Njamena darduma su wuni suna buɗe bandir na shadda suna daidaita farashi, da telan Fagge da ke sunkuye a kan aikin wuyan riga mai ita na zaune a gefensa, da dattijon da ake kira sulhu tsakanin ma'aurata ya zauna ya saurari kowane ɓangare har ƙarshe bai katse kowa ba, waɗannan su ne ƙamshin nan ke yi wa hidima, domin yana tafiya da irin tafiyarsu, a hankali, ba ya rigan su shiga ɗaki da hayaniya.

Ban ce sai mai furfura ba. Akwai saurayi ɗan shekara 25 da Allah ya hore wa natsuwa da muru'a, wanda in ya yi alkawari ya cika, in an ba shi ajiya a same ta yadda aka bar ta, in manya na magana ya yi shiru har su gama. Wannan in ya shafa sandal da ɗan kanumfari ba wanda zai ce ya ari rigar babansa. Yajin da ke ciki ma nasa ne, domin shi ke hana ƙamshin yin nauyi irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, kamar yadda himma ke hana haƙuri zama kasala. Wanda kuwa Allah ya yi shi mai fara'a da yawan raha da kazar-kazar, babu aibi ko kaɗan a halinsa, kuma akwai turaruka masu sanyi na lemo da na'ana'a da suka fi dacewa da shi, zai fi kyau ya nemi nasa da ya ɗora wa kansa abin da zai riƙa saɓa wa motsinsa.

Akwai wani abu kuma da masu talla ba sa faɗa, su da ke cewa kwalba kaza za ta ba ka kwarjini, kwalba kaza za ta sa a girmama ka. Allah ya halicci hanci da wata alaƙa mai ƙarfi da tunani, ta yadda mutum kan manta fuskar wani da muryarsa, amma ya shaƙi ƙamshinsa bayan shekara 30 sai ga shi tsaye a zuciyarsa kamar jiya suka rabu. Da yawa daga cikin masu saurarona, na tabbata, in suka buɗe adakar mahaifinsu da ya riga mu gidan gaskiya, suka ɗago babbar rigarsa ta Idi, ƙamshin da zai tashi daga cikinta ya isa ya sa su hawaye da addu'a. To, wannan alaƙa kaifi biyu gare ta. Turaren da ke daɗewa shaida ne a kan mai shi: in mu'amalarsa ta yi kyau, ƙamshinsa ya zama abin so ga iyalinsa da maƙwabtansa da abokan cinikinsa, in kuwa mai cin bashi ne ya hana, ko mai tsawa ga matarsa, ko mai wulaƙanta yaran shagonsa, to, waɗannan bayin Allah za su tsani wannan ƙamshi har iyakar rayuwarsu, ko a jikin wa suka ji shi. Hali zanen dutse ne, in ji Hausawa, turare kuwa bin sa yake yi ya manne masa. Don haka ni ina ganin hikimar dattawan da, waɗanda kowannensu aka san shi da turare guda, har yaran gida su gane Malam ya dawo tun bai yi sallama a zaure ba, ta fi ta wannan zamani da saurayi zai jera kwalba goma a kan madubi, yau wannan gobe wancan, ba a san shi da ko ɗaya ba.

Sai maganar ƙima, wadda a nan ne aka fi yin ɓarna. Garinmu gari ne mai zafi, a watannin Maris da Afrilu da Mayu ma'auni kan haura 40, zafi kuwa yana tayar da turare ya ninka ƙarfinsa. Abin da ya yi daidai da sanyin hunturu, lokacin da fata ta bushe take shanye mai, in aka maimaita shi da bazara sai ya zama azaba ga na kusa. Shari'ar da ta hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci, illarta ita ce cutar da masu salla, kuma ban ga yadda za a ce wanda ya yi wa kansa feshi fiye da goma ya shiga sahun Juma'a a masallacin Fagge da tsakar rana, ya sa mai asma tari, ya sa tsoho ciwon kai, ya kuɓuta daga wannan illa don kawai abin da ya cutar da su da shi mai tsada ne. Haka a cikin A Daidaita Sahu, haka a ɗakin marasa lafiya. Ma'aunin da nake ba da shawara a kai shi ne wanda ya ba ka hannu ya ji, wanda ya zauna kusa da kai ya ji daɗi, wanda ke tsallaken titi kuwa ba shi da rabo a ciki. Ɗigo ɗaya a wuyan hannu, ɗaya a bayan kunne ko a gemu, ya wadatar, abin da ya wuce haka israfi ne, kuma ina jin tsoron riya ta sami ƙofar shiga ta nan. A lura kuma cewa man kanumfari da na kirfa suna da zafi, sukan ƙona fatar wasu in ba a sirka su ba, na mai kuma yakan bar tabo a farar shadda, gara a shafa shi ta cikin riga. Game da na feshi da ake sirkawa da sinadarin giya, malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa, kowa ya koma ga malaminsa. Wanda ya zaɓi na mai dai ya fita daga saɓanin.

Mai saye kuma ya san cewa araha ba ta ado. Kada ya yanke hukunci da shaƙar farko a bakin kwalba. Ya sa a ɗiga masa a fata, ya tafi ya gama sauran cefanensa, ya zaga har kasuwar Singa in ya so, bayan sa'a guda ya sake shaƙa, in abin da ya rage ya yi masa, sa'an nan ya dawo ya biya. Ya guji kwalbar da ta wuni a rana a kan tire, domin zafi da haske suna lalata mai, shi ma in ya saya kada ya bar ta a cikin mota. In na kwali ne, ya duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da aka yi shi.

Magana ta ƙarshe gare ku take, iyayena da 'yan'uwana masu sayar da turare a Fagge da Sabon Gari. Kun fi kowa sanin cewa mafi yawan abin da ake kira ud a 'yan kwalaben nan na mililita 3 da 6 da 12 haɗin masana'anta ne da aka kwaikwayi ƙamshin itacen da shi, kuma wannan halal ne, sana'a ce mai kyau, ta sa talaka ma ya sami abin shafawa ranar Juma'a da ranar Idi. Abin da shari'a ta hana shi ne algus, a sayar da kwaikwayo da sunan asali, ko a tsinka mai a ce tsantsa ne, ko a ɗura haɗin gida a kwalbar wani kamfani. Don girman Allah, in yaro ya zo da kuɗin guminsa ya tambaye ku, ku gaya masa wannan haɗi ne, wannan sirki ne, wancan kuwa na asali ne ga kuma kuɗinsa, ku bar shi ya zaɓa da saninsa. In kuma ya ce a ba shi wanda in ya wuce za a san ya wuce, ku sayar masa, amma ku gaya masa ɗigo nawa zai sa.